Bayan Katakon Stoil

"Stoil! Kai gafiya, fito daga ƙarƙashin dandamalin nan, an ce an fasa rushewa!" Haka na ƙwala wa ƙanena kira ta saman kawunan masu jiran lilo.

Ya leƙo da ƙusa a baki. "Yaya Ginka, ke da zancen kasuwa."

Shekara arba'in da ɗaya yana aikin kafinta a dandamalin makaɗa na tsohon wurin wasan garinmu, nan bakin kogin Danube. Duk katakon da ya canza, sai ya rubuta shekara da sunan makaɗan da suka hau a bayansa, yadda maigidansa ya koya masa. Da hukumar gari ta ce za a rushe tunda babu takardar tarihinsa, bai iya gardama ba. Tocila ya miƙa wa jami'ar. Ta shiga da rarrafe, ta yi awa biyu tana karantawa, har rubutun 1958.

Ya koma bugun ƙusarsa. Can wayarsa ta yi ƙara, ya goge hannu a wando ya ɗauka, sai muryar jami'ar nan.

"Baba Stoil? An sa hannu. Ba mai taɓa shi."