Yammacin Talata da Alhamis

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata makarantar Katolika da ke gefen Malumfashi, Fada, limamin cocin da ke shugabantar makarantar, ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini wani ɗan littafi da aka aiko daga waje. Ya ce daga wannan zangon za a riƙa koya wa 'yan ajin ƙarshe darasi a kan adalci a ciniki da haƙƙin ma'aikata a duniya, kuma ni zan ɗauka.

Littafin yana da hotuna. Ga riga rataye a wani babban kanti, ga kuma yara suna cirar auduga a wata ƙasa mai nisa. Bayanin shi ne mai sayen rigar bai san hannun da ya ciro audugar ba, hannun kuma bai ga komai ba daga abin da aka biya. Na fassara shi yadda yake. Na rubuta a allo cewa duk wanda ya yi aiki bai ci moriyar guminsa ba, an zalunce shi. Yaran suka kwafa. Kusan dukkansu 'ya'yan manoman auduga ne, amma ban tsaya na tambaye su yadda ake yi a gidajensu ba.

Bayan mako biyu, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta daina zuwa, alhali a shekarar za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Wata maƙwabciyarsu ta faɗa mini dalili. Ranar Asabar yarinyar ta ƙi fita cirar auduga a gonar gidansu, ta ce wa mahaifinta zalunci ne, a gaban ƙannensa, har ta ɗauko littafinta ta karanta masa. Shi kuma ya ce ta gama makaranta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na hau keke zuwa ƙauyensu, wajen Gozaki. Mahaifin dattijo ne mai bin addinin kakanninsa. Na same shi a gindin ɗorawa yana danna auduga a buhu. Bayan mun gaisa na ba shi haƙuri, na ce darasin a kan ƙasashe masu nisa yake, ba a kan gidansa ba. Ya tambaye ni ko audugar can daban take da ta nan. Sannan ya tashi ya ce in biyo shi.

Ya nuna mini gandu, wato babbar gonar da duk gidan ke nomawa tare daga safe zuwa azahar. Ita ke cika rumbu, ita ke yin sutura da magani. Ya ce da zarar an tashi daga gandu, sauran yinin na mai shi ne. Ya kai ni wata 'yar gona a gefe, inda aka riga aka cire gyaɗa, ya ce gayaunar 'yarsa ce, kuma bai taɓa ɗaukar ko tafi ɗaya daga cikinta ba. Ya ƙara da cewa kakansa ya ba shi labari, tun kafin zuwan Turawa ko bawa a rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, yana da yammacinsa, kuma ubangijin da ya cinye wa bawa yamma sai an yi da shi a kasuwa.

Muna dawowa ya tsaya. "Malam, yammacin Talata da Alhamis ina 'yata take?"

Na ce tana gonar makaranta.

"Audugar wa suke cira?"

"Ta makaranta, Baba."

"To, nata rabon fa?"

Ba ta da rabo ko kaɗan. Ya ce mu je mu gyara namu tukuna, sannan mu zo mu koya mata laifin nasa.

Washegari na kai wa Fada maganar. Bai ji daɗinta ba. Ya ce audugar nan ita ke sayen alli da littattafai, ita ta rufe ajin da iska ta yaye wa kwano. Na ce haka gandu ma yake yi, bambancin kawai shi dattijon yana barin yamma, mu kuma yammar muke ɗauka. Aka kwana uku. A na huɗu ya sa aka mai da aikin gona safiyar Laraba, ya kuma ce a ware wa kowane ɗalibi kunyoyi biyu daga audugar da ba a cire ba tukuna, ya cira ya sayar da kansa.

Na aika wa dattijon. Bai yarda da saƙo ba, ya zo da ƙafarsa. Ya bi kunyoyin 'yarsa daga wannan kai zuwa wancan, yana taɓa audugar, ya lura an ba ta gefen da ƙasar ke da tsakuwa, ya kuma faɗa a gaban Fada. Aka sauya mata.

"Biyu dai sun yi kaɗan, Malam," ya ce, "amma nata ne."

Ranar Litinin na shiga aji na same ta a wurin zamanta, ta ari littafin maƙwabciyarta tana kwafe darussan da suka wuce ta.