Lambar da Si Mufaddal Ya Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Alhamis, tara ga watan Rajab, Si Mufaddal Bannuna ya rasu a gidansa da ke tsohon birnin Fas, yana da shekara saba'in da huɗu. Shekara talatin muka yi muna koyar da lissafi a makaranta ɗaya, sannan muka yi sha ɗaya ba ma ko gaisawa.

Mufaddal, kowa ya shaida alherinka. Ɗaliban da suka faɗi jarrabawa a soronka suke kwashe hutu, kana zuba musu shayin na'ana'a kana cewa, "Sha, ɗana, kan da babu sukari ba ya rabawa." Kai ka ɗauki makarar mahaifiyata tun daga ƙofar gida har kushewa, ba ka yarda an karɓe ka ba.

Abin da ya raba mu bai kai ya kawo ba. Na gyara maka kuskure a allo a gaban malamai, ka ce, "Allal, kai rago ne, ba ka taɓa kai lissafi ƙarshensa ba." Bayan wata guda ka aiko mini da 'yar takarda, ba gaisuwa, ba sa hannu, sai 9,363,584. Na ɗauka aikin gida ka ba ni kamar ɗan aji ɗaya. Na jefa ta aljihun tebur, zuciya ta ci ni.

Ranar sadakar uku 'yarka Zuhur ta miƙo mini wata takarda da ta tsufa har ta yi laushi. Ta ce, "Baffa, a hular jallabiyarsa muka same ta. In za a yi wanki sai ya cire, in ta bushe ya mayar. Mene ne wannan?" Rubutunka ne: 9,437,056.

Na koma gida na fito da tawa. Na jera duk lambobin da ke raba ta ba saura, guda talatin da ɗaya, ban da ita kanta, na tara su. Suka ba ni taka. Na tara sha biyar na taka, suka dawo mini da tawa. Lambobi masoya ne, irin 220 da 284 da muke koya wa yara, kowace cikinta cike da 'yar'uwarta. Sulhu ka nema, ni kuwa ban ƙarasa lissafin ba, kamar yadda ka faɗa. Aikin rabin sa'a ne.

Tun ranar lambar nan ba ta bar ni ba. A cikin salla ma sai in ji bakina yana karanta ta. In na ji takun sanda a lungunmu sai in miƙe, alhali na san inda muka kwantar da kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba matarka Lalla Kanza da Zuhur da sauran iyali haƙurin rashinka. Ni kuma, jama'a, ku roƙa mini gafarar Mufaddal, don amsata ta iso bayan an rufe ƙasa.