Ƙofar Motar Baba a Garkar Mirriya

Abubuwa da yawa sun same ni waɗanda lokaci ya wanke, har idan aka tuna mini sai in yi ta lalube. Amma ranar da na tarar da ƙofar motar mahaifina rataye a bakin garkar wani mutum a Mirriya, tana tsare masa salati daga awaki, ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Motar tsohuwa ce irin wadda ake ce wa kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya, fara, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba ya yi ta jigilar gero da gyaɗa daga gonakinmu na Gaffati da Guna tun ƙuruciyarsa, a cikinta kuma aka kai Inna likita ranar da za a haife ni. Lokacin da abin nan ya faru ta riga ta huta da aikin wahala. Masallacin Juma'a take zuwa, sai kuwa duba gona jefi-jefi.

A shekarar ne Allah ya kira Baba aikin hajji. Ina da yayye maza biyu, amma da tafiya ta zo ni ya kira zaure ya damƙa wa makullin.

"Ke ce mai natsuwa," ya ce. "Duk Juma'a ki tayar da ita, ki bar ta ta yi ɗumi, ki kashe. Shi ke nan."

Shekarata ta farko ke nan da fara koyarwa a koleji, kuma ban taɓa jin an girmama ni kamar ranar ba. Sai dai ni mutum ce mai yawan tafiya cikin tunani. Idan na shiga motar na tayar da ita, nakan daɗe zaune ina kallon inda tsatsa ta cinye gindin ƙofar direba, da ƙarfen nan da ke rufe tayar gaba ta hagu, wanda muke ce wa fiffike, duk ya lotse. A salula kuma, wato wayar hannu, ina ta ganin hotunan irinta da aka gyara a wasu ƙasashe suna walƙiya kamar kwanon amarya. Sai na fara ganin Baba a raina ya sauko daga hajji, ya tsaya ƙofar gida ya kasa magana don murna. Har baitoci na rubuta a kan wannan tsayuwar tasa. Kusan kullum muna gaisawa da shi ta waya, amma ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

Na kai motar unguwar Zango wajen wani dattijo mai gyaran jikin mota, tolye kamar yadda muke ce musu. Babarbare ne mai zane a fuska, ya san motar tun kafin ya san ni. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma.

"'Yata, Alhaji ya sani?"

"Mamaki nake so in ba shi, Baba."

"Mamaki kam za a sha," ya ce.

Ya ba ni shawara a yanke inda ya ruɓe a tsohuwar ƙofar a sa mata faci, fiffiken kuma ya buge shi ya miƙe. Na ce a'a, sabbi nake so, na ma riga na yi magana da wani mai sayarwa da zai aiko su ta hanyar Kano. Ya ce masu ƙera motar sun daina yi mata kaya tun ba a haife ni ba, abin da zan samu kwaikwayo ne, wani ma kwaikwayon kwaikwayo. Na nuna masa hoton a salula. Ya kalla ya ce a hoto kowace amarya kyakkyawa ce. Da ya ga na kafe sai ya yarda ya kwance tsoffin don ya kankare tsatsar da ke ƙarƙashi kafin sabbin su iso, ya sa aka kawo mini su gida a amalanke da saƙon cewa kada in rabu da su sai sabbin sun kwana a jikin mota.

Kwana huɗu suka yi jingine a tsakar gida. Ana ta shafe ɗakuna da farar ƙasa saboda baƙin da za su zo taryar alhaji, Inna kuma tana ta mitar cewa ƙarafan nan za su yage wa wani zane. Rannan mai sayen tsoffin ƙarafa ya ratso unguwarmu da jakinsa. Na dube su, na ga tsatsa kawai, na ce ya kwashe. Har wani sanyi na ji da na ga wurin ya yi fes.

Sabbin suka iso saura kwana tara Baba ya dawo, baƙaƙe sumul cikin kwali. Na tashi daga lakwal, wato makaranta, na wuce garaji kai tsaye, na zauna kan benci don in ga an rataya su. Dattijon ya fara da ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa. Ta yi ƙara irin ta gwangwanin sardin. Ya ɗaga ta ya kara a gurbinta, sai ramukan bulon, wato kusoshin da ake ɗaure ta da su, suka ƙi haɗuwa da na motar, sun kauce da kaurin yatsa. Ya faɗaɗa su, ya ɗaure ta, ya tura. Sama ta daki ginshiƙi tun kafin ta rufu, ƙasa kuwa ta bar giɓin da na zura tafin hannuna ya wuce. Akwai wani layi da ke bin jikin motar tun daga fitila har baya. Da ya zo kan sabuwar ƙofar sai ya yi tsalle sama, ya wuce ta, sannan ya sauko ya ci gaba da tafiyarsa.

"A sake gwadawa mana, Baba," na ce.

Ya sake, sau uku. Sannan ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan ajina. Laifi biyu ne, in ji shi. Na farko, waɗanda suka buga wannan ƙofar ba a jikin mota suka auna ta ba, wata ƙofar suka kwaikwaya, kowane kwaikwayo kuma yana ɓatar da ɗan wani abu. Na biyu, motar kanta ba yadda ta fito take ba. Shekaru tana ɗaukar buhuna a hanyar rairayi ta ɗan karkace, ƙofarta kuma ta karkace tare da ita, shi ya sa suke fahimtar juna.

"To a ɗan yanke ginshiƙin ya karɓe ta."

"Subhanallahi! Ba a rage ƙafa don takalmi. Ni dai ba da hannuna ba. Aiko mini da tsoffin kawai, kwana uku sun ishe ni."

Ya juyo ya dube ni, ya ƙara dubana, sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Kin bayar."

Na gyaɗa kai.

Kwana biyu na yi ina bin mai jakin nan a kabu-kabu, daga Birni zuwa bayan kasuwa. Da na same shi ya ce fiffiken maƙera ya kai wa. Na je na tarar sun riga sun yanyanka shi sun yi murhun gawayi, har na gane farin fentin Baba a gefen guda biyu. Ƙofar kuwa, wani mai garka daga Mirriya ne ya gan ta a kan amalanke ya ce yana so.

Washegari da sassafe dattijon ya rufe garajinsa, muka ɗaure sabuwar ƙofar a saman motar Mirriya muka tafi tare. Ya ce ko ba komai sai a yi musaya. Tambaya biyu muka yi aka nuna mana wurin, don kowa a gefen garake ya san mai ƙofar mota. Ga ta nan kuwa tsakanin itace biyu, an ɗaure ta da waya a shingen ƙaya, bayanta salati da kabeji kore shar. Muka yi sallama. Sai na ga gilashin yana sauka a hankali, fuskar wani farin dattijo siriri ta bayyana. Bafillace ne. Yana ganin zanen fuskar abokin tafiyata ya washe baki.

"A'a! Babarbare da sassafe? Ku ɓoye albasa!"

"Allah wadaran talauci," in ji tolye. "Bafillace ya sayar da shanu ya koma kiwon ganye."

Suka yi ta yi wa juna har na fara jin haushi, don ni ba dariya ta kawo ni ba. Da aka zo kan magana mai garkar ya ce ƙofar nan ba ta sayarwa ba ce, tun da ya kafa ta akuya ba ta ƙara shiga ba, ga shi in ya ji sallama sai ya murɗa gilashi ya ga ko mai shigowa ne ko maroƙi. Muka nuna masa sabuwar. Ya zagaya ta, ya danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lotsa ta dawo da ƙara.

"Wannan ai karo ɗaya bunsuru zai mai da ita faifai. Ku riƙe abinku."

Nan hawaye suka ƙwace mini. Ya daina dariya ya ce, "Yarinya, ta wace ce?" Na faɗa masa duka, tun daga makullin da aka ba ni har mai jaki.

"Shi Alhajin ne ya ce ki canza?"

"A'a."

"Ya ce ki bayar?"

"A'a, Baffa."

Ya jinjina kai. "To ashe ba a ba ni ba ke nan. Wanda ya ba da abin da ba nasa ba bai bayar ba. Ni kuma ba na kwana da kayan da mai shi bai sallama ba. Kwance ta."

Ba faɗa ya yi mini ba, amma har yau ban ji maganar da ta shige ni kamar wannan ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa tolye da hannunsa zai kafa masa sabuwar, ya kuma ƙara mata katako ta baya. Ya zauna a inuwar mangwaro yana ba da umarni, yana kiran maƙwabta su zo su ga Babarbare na yi wa Bafillace aiki. Da za mu tafi ya cika mini leda da salati.

Tsohuwar ƙofar ta sha faci a gindi, ta koma gurbinta, aka tura ta da yatsa biyu ta rufe ƙyat. Fiffiken ne babu yadda za a yi, dole sabon. Kwana biyar dattijon ya yi yana fama da shi, ya yanka nan, ya ƙara can, ya buga da guduma, ya cike ramukan da ƙullun liƙi da suke ce wa mastik. Ya zauna dai, amma tsakaninsa da kapo, wato murfin injin, akwai giɓin da ya fara siriri ya buɗe wajen fitila, fentinsa kuma ya fi na sauran jikin haske.

Baba ya dawo lafiya. Gida ya cika da 'yan barka, ana ta rabon dabino da zamzam. A rana ta uku bayan la'asar, da zaure ya yi sauƙi, na durƙusa gabansa na faɗa masa kome kafin ya gani da idonsa. Ya tashi ya fita, ina biye. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya duba facin ƙofar, ya wuce. Ya tsaya a fiffiken, ya sa ɗan ƙaramin yatsansa cikin giɓin ya bi shi har ƙarshe.

"Mutumin Zango ne ya yi?"

"Shi ne, Baba."

"Ya yi ƙoƙari." Ya zare yatsansa. "Wancan lotsawar da kika gani, ranar da kakanki ya fara koyon tuƙi ya yi ta, a jikin kukar gonar Guna. Sau biyu ana cewa a buge mini ita ina hanawa."

Sannan ya miƙo hannu. Na ɗauka sa mini albarka zai yi. Makullin yake nufi. Na kwance shi daga bakin mayafina na ba shi, ya sa a aljihu ya koma wajen baƙinsa. Bai ƙara tayar da zancen ba. Da shekara ta zagayo zai tafi Yamai aikin ido, yayana ya kira zaure. Ina ɗaki ina jin su, ban kuwa ga laifinsa ba.

Shekaru sun wuce yanzu, motar tana nan, makullin kuma bai dawo hannuna ba. Amma idan zai je gona yakan aiko a ce in zo in raka shi. Da mun fita gari motar ta ɗau gudu, iska kan shiga ta giɓin nan ta riƙa wani siririn fito. Ran da muka fara jinsa Baba ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Ji aikinki yana waƙa." Muka yi dariya mu biyu, tawa da ɗan ɗaci.

Na koyi cewa ba a rabuwa da tsoho sai sabo ya nuna zai zauna, wannan ko tolye ya gaya mini. Wanda ya fi tsada shi ne ɗayan: son mutum ba ya ba ka izini a kan kayansa. Abin da ka gani aibi ne a hannun wani, wataƙila shi ne abin da ya fi so a ciki. In an ba ka amana, ka yi abin da aka ce, sauran kuma ka buɗe baki ka tambaya.