Baba Ɗantsoho da Kabarin da Ya Ƙi Akwati

Kafin rana ta yi zafi, Baba Fasto Ɗantsoho ya gama zagaye ƙauyenmu na ƙasar Sandamu. Ya leƙa mara lafiya, ya taya wani jan guga a rijiya, sannan ya buɗe 'yar majami'armu ya share ta da hannunsa. Shekara talatin da huɗu ke nan haka yake, ga shi ran Lahadi zai sauka ya ba sabon fasto wuri. Ni tsohuwa ba ni da abin ba shi sai bakina.

Baba yana da wata ɗabi'a. In aka yi rasuwa, ko ta wane ne, shi ne na fari a maƙabarta da shebur. Ya yi haƙa da jama'a, in Musulmi za su yi wa gawa salla ya koma gefe, hula a hannu. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a gaisuwa ta yi sanyi tsakaninmu da maƙwabta, kowa yana zargin kowa. Dattawan ikilisiya suka ce, "Baba, ka daina zuwa. Ranar taka wa zai zo?" Ya ce, "Ni ba biki nake kai musu ba, balle in jira a rama."

To, ranar ta zo. Matarsa, Mama Rahmatu, ta rasu da rani, samarinmu duk sun tafi cirani. Muna tunanin wa zai haƙa, sai ga Malam Badaru, limamin unguwa, ya yi sallama. "Fasto, mun gama haƙa. Ku fito da ita."

Aka kai akwati, ya ƙi shiga. Ashe kabari irin nasu na Musulmi suka haƙa, mai matsattsen rami a ciki, daidai mutum a likkafani. Wani dattijonmu ya ce, "Da gangan ne." Maganar kuwa ta kai kunne. Masu haƙa, da suka sha rana tun safe, suka fara kakkaɓe riguna. Da sun tafi a haka, da zumuncin garin nan aka binne.

Liman ya ce, "Wallahi mun manta kuna sa akwati. A miƙo shebur."

Baba ya riƙe hannunsa. "Malam, bar shi, ya yi daidai. Ubangiji Yesu ma a likkafani aka kwantar da shi. Rahmatu ba ta fi shi ba." Ya waiwayo wajenmu mata: "Ku kawo farin zanenta."

Muka yi mata labule da zannuwanmu, muka naɗe ta. Su Liman ne suka nuna wa mazanmu yadda ake jera itace a bisa ramin. Babu wanda ya tafi sai da muka gama waƙa.

Baba, kai ne bango madafar garke. Ranar da ka fi kowa cancantar a lallashe ka, kai ka lallashi gari.

Ku fastoci da dattawan ikilisiya, 'ya'yana, wa'azi mai daɗi kowa ya iya. Ku koyi rufa wa maƙwabci asiri in ya yi kuskure yana cikin yi muku alheri.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya kuma ba magajinka rabin haƙurinka. Rabin ma ya ishe mu.