Ba Ka Bar Mana Fuskarka Ba, Almakashi

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaka da ɗora kyamara a kan ƙafarta, mai ɗakinka ta kira ni ta ce ciwon ƙirjin nan da kake rainawa ya yi sanadi. Abokin aikina, mai tace bidiyon da muke kira Almakashi, ya riga mu gidan gaskiya.

Na so in rubuta maka yabo zalla, amma wallahi ina jin haushinka, kuma ka san ban iya ɓoye abu a ciki ba.

Da naɗe wayar lantarki ka shigo wannan sana'a. Kai ne mai ɗaukar jakar fitilu, in an tashi aiki kowa ya watse, kai kuwa ka ja kujera bayan mai tacewa ka zura ido. Da tsohuwar kwamfutar da aka jefar a lungun shago ka koya, wadda in ta ɗau zafi sai ka kafa mata fanka kai ka zauna cikin gumi. Ni mai ɗauka ne, nakan kawo maka hoto jibgi guda, rabinsa rawar hannu, ka zauna a ɗakin nan mara taga ka jera, ka daidaita murya da motsin baki, ka gyara launi, ka fitar da abin da ni kaina nake mamakin wai ni na ɗauka. Waɗanda suka ba mu aikin su leƙo su ce ai ɗan gyara ne kawai. Ɗan gyara! Ni nake kumbura, kai kuwa ka yi murmushi ka mayar da abin sauraro kunnenka.

Ba na manta dattijon nan mai in'ina da ya yi jawabi ranar da 'yarsa ta gama karatu. Ba wanda ya sa ka, ka bi maganarsa gaɓa-gaɓa kana cire inda harshe ya sarƙe, kana rufe wurin da fuskokin masu sauraro. Da ya kalla sai ya riƙe hannunka. Haka kake da kowa, kullum ƙoƙarinka ka fitar da mutum a mafi kyawun kamanninsa.

To amma kana da wata aƙida da muka sha faɗa a kanta. Ka ce ma'aikaci ba ya fitowa a aikinsa. Inuwar ɗayanmu ta gitta, ka yanke. Madubi ya nuno ka, ka yanke. In mai aiki ya karɓi kayansa, ka goge ɗanyen hoton duka don faifan ajiya ya samu wuri. Ko da wasa na juyo da waya wajenka, tafin hannunka kawai nake samu. Kaset ɗin aurenka kuma, kai da ka ceto kaset ɗin mutane bila adadin, ka bar naka a kwali kana cewa sai ka samu sarari, har danshi ya cinye shi.

Bayan mutane sun ragu a gidan makoki, Inna, mahaifiyarka, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, ku da aikinku ɗaukar mutane ne. Ka kawo min shi yana motsi, in gan shi yana magana. Wannan hoton na bango ya ƙi kallona." Na ce, "An gama, Inna." Da bakina na faɗa, don ban ɗauka abu ne mai wuya ba.

Na buɗe ɗakin aikinka na bi faifan ajiya ɗaya bayan ɗaya. Ga komai a jere da sunansa, tsaf, yadda ka saba. Taron kamfanoni, tallan shaguna, yaye ɗalibai, 'ya'yan mutane suna dariya, iyayen mutane suna hawaye. Kowa yana nan ban da kai. Na kira duk wanda muka taɓa yi wa aiki, na roƙi abokan sana'a su duba nasu. Haba Almakashi! Wace irin ƙwarewa ce wannan, mutum ya share kansa har uwarsa ta rasa abin kallo?

A ƙasan jakata na tsinci wani katin kyamara na wata hira da masu ita suka fasa, shi ya sa bai taɓa zuwa teburinka ba. Ranar ka raka ni. Kafin a fara magana akan tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara, don mai tacewa ya samu inda zai haɗa sauti da hoto, kuma kai ka yi tafin. Sai dai na saita kyamarar a kan mutumin da ke zaune, kai kuwa a tsaye kake. Ga rigarka mai ruwan toka, ga hannuwanka, ga agogon nan mai tsagaggen gilashi. Daga wuya zuwa sama babu. Ka tafa, ka ce, "To, bismillah," ka fice.

Shi na kai wa Inna. Ta matso da fuskarta dab da allon, ta ce hannun mahaifinka ne sak. Ta ce in sake, na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara. Can sai ta dafa gwiwata ta ce, "Ɗan nan, ɗan ɗaga abin sama kaɗan mana, in ga fuskarsa."

Na iya ɗaukar hoto, amma ban san yadda ake gaya wa uwa cewa iyakarsa ke nan ba. Na ce mata zan gwada, na fito waje na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ka.

Ya Allah, bawanka ya rufa wa mutane asiri a aikinsa, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa da dukkan abokan sana'a. Inna kuma, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya haɗa ki da ɗanki a gidan rahama, ki kalli fuskarsa har ki ƙoshi. Amin.