Tsakuwar Baƙuwa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka kawo ta ƙauyen nan na kan dutse tana amarya, amma har yau Baƙuwa ake ce mata. A nan ta binne miji, a nan haƙoranta suka zube, rabin garin kuma a hannunta suka faɗo duniya, don ita ce ungozoma. Mutanen kan dutse dai ba sa saurin sauya suna, ba sa saurin komai ma.

A bayan ƙofarta akwai wani tsohon tulu. Tun zuwanta ta sa wa kowa tsakuwa ɗaya a ciki. In ta yanke cibiya, ta ƙara ɗaya. In an yi rasuwa, ta cire. Wanda ya gangara birni neman aiki, tasa ta koma kan taga. Ba wanda ya sa ta, son sani ne kawai: garin nan ƙaruwa yake ko tsiyayewa? 'Yan shekarun nan tagar ko rufuwa ba ta yi.

Sai labari ya zo cewa za a rufe ɗakin shan magani in mazauna ba su kai ɗari biyu ba. Asibiti kuwa tafiyar awa uku ce a gangare, kuma Baƙuwa ta san abin da awa uku ke nufi ga mai naƙuda. Hankalinta ya tashi.

Malamar ƙidaya ta hau dutsen tana haki, takalmi a hannu. Kowane gida ya lissafa mata har da 'ya'yan da rabon a gan su an manta. Ta samu ɗari uku da arba'in a garin da awaki suka fi mutane surutu. Mai gari ya sosa ƙeya ya ce a kai ta wajen Baƙuwa.

Suka juye tulun a tabarma, suka kasa goma-goma. Ɗari da casa'in da tara. Suka sake. Haka dai.

Baƙuwa ta dubi taga. Ga tsakuwar ɗanta da ya tafi birni can a gefe, miƙa hannu ne kawai. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kau da kai.

"Ba na wa tulu ƙarya, 'yar nan. Ya tafi, ya tafi."

Malamar ta ɗauki wata tsakuwa tana juyawa. "Wai Iya, kina gane su?"

"Ji ta! Wannan ta tela ce, dubi ƙusumbinta. Baƙar nan matar mai gari, haka ranta yake. 'Yan biyun can na maƙeri ne."

Malamar ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, wacce ce taki?"

"Tawa? Ni ai baƙuwa ce."

"Tun yaushe?"

Kunya ta kama Baƙuwa. Ta dafa bango ta miƙe, ta fita tsakar gida ta sunkuya, ta yi ta tone-tone, don ba kowace tsakuwa za ta ɗauka ba. Ta dawo da wata 'yar ja mai ɓari a gefe, ta goge ta da bakin zane, ta jefa a tulun da ba komai ciki. Ya yi ƙara.

"Rubuta," ta ce. "Ɗari biyu."