Farar Hular da Nake Saiti da Ita

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi tallahi da ni ya faru, ba ji na yi a majalisa ba, kuma ba don in burge kowa nake faɗa ba, don babu abin burgewa a ciki, kunya ce zalla. Shekarun baya ne, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Bagudo da Illo, ina ɗaukar 'yan kasuwa masu tsallakawa Benin, in na sauke fasinjan azahar sai in jingine mashin a wata rumfar kwano da ke bayan kasuwa, inda wani Badende mai suna Isufu ya ajiye teburin sanuka, wasan nan da ake tura ƙwallaye cikin rami da sanda.

Ni kuwa a lokacin Allah Ya zuba min girman kai, abu kaɗan na iya amma ji nake babu kamata. Isufu ne ya koya min bugun da samarin Benin ke kira turwaban, wato in abokin wasa ya ɓoye maka ƙwallonka a bayan nasa, sai ka tura fara, farin ƙwallon da ake bugu da shi, ta daki bangon tebur sau uku ta zagayo ta same shi ta baya. Na yi wata ina lissafin ɗigogin gefen tebur ina shirme, ran nan ya ja ni gefe ya ce, "Bar wahal da kanka. Nemi layi guda wanda in ka buga hwara za ta ci bango ukku ta hwaɗo kusurwa, sannan ka ja layin nan da ido hal waje, nesa, ka samu abin da ba shi motsi. Daga rannan, in dai hwara na wajen gehen ga, shi za ka saita, ka mance da tebur."

Na sami layina, na ja shi da ido ya fita rumfa ya tsallake hanya, sai ya sauka a jikin wani tsohon kango na jar ƙasa, kuma daidai wurin akwai wani dattijo zaune a kan tabarma da farar hula, kansa a sunkuye. Hular nan ta fito ras a jikin jan bango. Na ce bari in gwada da ita kafin in sami wani abu, na saita, na buga, fara ta ci bango uku ta zo inda nake so kamar an aike ta. Washegari yana nan, jibi yana nan, wuri ɗaya, zama iri ɗaya, sai na daina neman wani abu. Ban faɗa wa kowa ba, har Isufun, don kada a sace min sirri.

To ku duba fa, wata wajen biyar ina miƙa sanda saitin kan mutumin da a shekaru ya isa ya haifi ubana, sau goma sau ashirin a wuni, kuma kullum ta gabansa nake wucewa da mashin, amma ko sau ɗaya ban taɓa rage gudu na ce salamu alaikum ba. Ban ɗauke shi mutum ba, alama ce kawai. Suna kuwa na yi shi, daga Illo har Bagudo ana cewa in ka ɓoye wa wane ƙwallo ka ɓoye wa kanka.

Sunan nan ne ya sa wata ranar kasuwa aka kawo min wani dogo daga Sagbana ta ƙasar Benin, Alasan, wai shi ne gwanin can. Bayan la'asar rumfa ta cika, mutanen Illo gefe guda, 'yan tsallake gefe guda, kowa ya san ranar ko dai sunana ya tabbata ko a daina ambatona. Muka yi ta kai ruwa rana har ya rage min baƙa kaɗai, wato ƙwallon ƙarshe, shi kuma da ƙwallo biyu, ya lallaɓa ya ajiye fara a bayansu, ya ja da baya yana murmushi. Na yi dariya a raina, na goga alli a bakin sanda, na duƙa, na ɗaga ido neman hulata. Sai na ga dattijo ya matsa, kamar taku biyu zuwa hagu.

Nan ne na yi abin da har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsallaka hanya da sandata a hannu, na tsaya a kansa, babu sallama babu gaisuwa, na ce, "Baba, koma inda kaka zama, kana ɓata man aiki."

Ya ɗago a hankali, karo na farko ke nan da na ga fuskarsa. Tsoho ne kawai, mai furfura, sai dai a tsakiyar goshinsa, ƙasan hula, akwai shuɗin tabo, irin wanda allin sanda ke bari a jikin fara, ya yi kauri kamar an daɗe ana ƙarawa. Ya ce, ba da faɗa ba, "Ɗana, kullum kai ka nuna ni da icce, ba ka taɓa yi man sallama ba. Yau ma ba ka yi ba." Sannan ya ja tabarmarsa ya koma wurinsa na da.

Da ina da hankali da nan na durƙusa. Amma mutane na jira, sunana na jira, sai na juya na koma rumfa, ban ma lura da yadda aka yi tsit ba. Na duƙa, na saita, wannan karon yana kallona ido cikin ido, kuma duk da haka na buga. Wallahi da sanda ta taɓa fara na ga kansa ya yi baya kamar an dungure shi. Fara ta ci bango uku, ta sami baƙa, baƙa ta faɗa rami. Babu wanda ya tafa.

Alasan ya ajiye sanda a kan tebur ya ce shi ba ya wasa da mai abokin aiki na ɓoye, ya fita, mutanensa suka bi shi. Isufu ya riƙo hannuna ya ce, "Kai, da wa kaka magana can?" Na ce da dattijon mana, na juya zan nuna masa, babu kowa. Ya ce tun da ya kafa rumfar bai taɓa ganin mutum zaune a jikin kangon nan ba, ko awaki ba sa kwanciya wurin. Muka je tare. Inda na tsaya ga sawun takalmina, amma inda tabarma take ciyawa ce har gwiwa, ko kara ɗaya bai kwanta ba.

Daga ranar ba a sake kirana gwani ba, sai mai aiki da iska, har fasinja suka riƙa tsallake mashin ɗina, dole na koma hanyar Ka'oje. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na yi wa dattijon. Sau uku ina komawa kangon nan da goro, in tsuguna in yi sallama, mutane na kallona, ba a taɓa amsawa ba. Ni ban san mutum ne ko aljan ko wani bawan Allah ba, abin da na sani shi ya matsa don ya huta, na sa shi ya koma, ya koma, kuma na buga.

Don Allah, duk wanda kuka wuce a zaune ku yi masa sallama, ko ba ku san shi ba, ko kuna sauri. Ni tawa har yau tana can ba a karɓa ba.